Jinin Mutanen Da a Jikin Mutanen Yau: Abin da Ilimin Gado Ya Ƙara wa Tarihin Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa masanin tarihi ba ya magana sai da hujja, kuma a kwalejojinmu an saba a koya wa ɗalibi cewa hujjojin nan iri uku ne, watau abin da aka rubuta, da abin da aka ji daga bakin magabata, da kuma abin da aka tono daga ƙasa. Wasu malamai sukan ƙara da ta huɗu, nazarin harsuna. To, tun daga wajen 1987 an sami ta biyar, wadda ke kwance cikin jinin kowane ɗayanmu da cikin ƙasusuwan waɗanda suka riga mu. Ita ce hujjar ilimin gado.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin tambaya guda ɗaya da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta. Sa'ad da mutane irinmu suka fita daga Afirka suka tarar da waɗansu irin mutane a Turai da Asiya, shin sun maye gurbinsu ne ɗungurungum, ko kuwa sun cuɗanya da su har an haifi 'ya'ya? Za mu yi amfani da kalmar auratayya, amma mahalarta su lura cewa haihuwa kawai muke nufi, don ƙashi ba ya ba da labarin sadaki da shaidu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi uku. A cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon zare mai ɗauke da bayanin halittarsa, wanda masana ke taƙaita sunansa da Di-En-E. Mu za mu kira shi zaren gado. An rubuta bayanin da ke cikinsa da haruffa huɗu kacal, ana jera su har kimanin biliyan 3, kuma wannan jeri gaba ɗaya shi ne kundin gado. An naɗe zaren cikin ƙunshi-ƙunshi guda 46, watau 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma kowane ɗaya shi muke kira ƙunshin gado.

2.0 Ƙasusuwan Kwarin Niyanda

A cikin watan Agusta na 1856 waɗansu masu fasa dutsen farar ƙasa a kwarin Niyanda, kusa da birnin Düsseldorf na ƙasar Jamus, suka tono ƙoƙon kai da waɗansu ƙasusuwa daga wani kogo. Wani malamin makaranta na yankin, Johann Carl Fuhlrott, shi ya fara gane cewa na mutum ne, amma mutum mai siffa dabam: goshi kwance, ƙashin gira ya turo gaba, gaɓoɓi masu kauri. Shekara uku bayan haka littafin Darwin ya fito, saboda haka ƙasusuwan suka faɗa tsakiyar gardama. Babban likitan nan Rudolf Virchow ya ce ai mutum ne irinmu da cutar ƙashi ta nakasa. Wani masanin kuma ya ce sojan doki ne na Rasha da ya raraso cikin kogo ya mutu lokacin yaƙin Nafoliyon, wai hawan doki ne ya tanƙware masa ƙafafu. A 1864 William King ya ba su sunan kimiyya na kansu, daga nan aka san su da mutanen Niyandatal.

Mummunan sunan da waɗannan mutane suka yi ya samo asali ne daga aikin Marcellin Boule a kan wani kwarangwal da aka tono a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa a 1908. Boule ya zana shi a duƙe, gwiwa a lanƙwashe, kamar dabba ta miƙe da ƙyar. Sai a 1957 aka sake duba kwarangwal ɗin aka ga ashe na dattijo ne da amosanin gaɓɓai ya ci. A cikin shekarun nan kuma Ralph Solecki yana tono a kogon Shanidar na arewacin Iraƙi, inda ya sami wani mutum da hannunsa na dama ya shanye, fuskarsa da rauni mai tsanani, amma ya rayu shekaru da yawa bayan haka. Irin wannan mutum ba ya rayuwa sai da masu ciyar da shi. Yanzu an san cewa mutanen Niyandatal sun zauna daga Andalus har zuwa duwatsun Altai na Saberiya, tun wajen shekara 400,000 da suka wuce har zuwa wajen shekara 40,000, suna hura wuta, suna sassaƙa makaman dutse, kuma ƙwaƙwalwarsu ba ta gaza tamu girma ba.

Zuwa shekarun 1980 masana sun rabu gida biyu. Su Milford Wolpoff da Alan Thorne da Wu Xinzhi suka ce tsofaffin mutanen kowace nahiya sun zama mutanen yau ne a wurarensu, auratayya tsakanin yankuna tana riƙe da su a matsayin iri ɗaya. Su Chris Stringer kuwa suka ce mutum irinmu a Afirka ya bayyana, sa'an nan ya bazu ya maye gurbin sauran. Akwai 'yan tsakiya, irin su Günter Bräuer da Fred Smith, da suka yarda da tushen Afirka amma suka ce an cuɗanya. A lokacin muryarsu ba ta yi ƙarfi ba, ko da yake daga baya hujja ta fi karkata gare su.

3.0 Hujjar da ta Zo ta Ɓangaren Uwa

Baya ga ƙunshin nan 46, akwai wani ɗan guntun zare mai haruffa wajen 16,500 a cikin wani sashe na ƙwayar jiki da ake kira mitokondiriya. Wannan daga uwa kaɗai ake gadonsa. A 1987 Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka kwatanta shi a jikin mutum 147, suka nuna cewa duk rassan suna komawa ga mace ɗaya da ta rayu a Afirka wajen shekara 200,000 da suka wuce. 'Yan jaridar Turai suka laƙaba mata sunan Hauwa'u, abin da ya jawo ruɗani ba gaira ba dalili, domin kuwa binciken bai ce ita ce mace ta farko ba, bai kuma ce ita kaɗai ce a zamaninta ba. Abin da ya nuna shi ne, ta layin uwa zalla, nata ne kaɗai bai yanke ba. An kuma soki binciken da cewa mafi yawan waɗanda suka wakilci Afirka a cikinsa baƙaƙen Amurka ne, amma ayyukan da suka biyo baya sun tabbatar da gundarin sakamakon.

Shekara goma bayan haka, a 1997, ƙungiyar Svante Pääbo ta yanki ɗan guntu daga ƙashin dantsen nan na 1856, ta karanta haruffa 379 na zaren uwa. Aka ga ya yi nesa da na duk mutanen da ke raye. Masu ra'ayin maye gurbi suka ɗauka magana ta ƙare. Amma a nan akwai darasi ga mai nazarin asali: layin uwa zalla hanya ɗaya ce tak cikin dubban hanyoyin da gado ke bi. Macen da ta haifi maza kaɗai layinta na mitokondiriya ya tsaya a kansu, alhali jikokinta suna nan cike da gida. Watau rashin ganin sawu a wannan hanya bai isa a ce ba wanda ya wuce ba.

4.0 Shekarar 2010

Karanta kundin gado na mutumin da ya mutu shekara dubu arba'in aiki ne mai wuyar gaske. Zaren yakan guntule ƙanana-ƙanana, fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da ake samu a ƙashin na ƙwayoyin cutar ƙasa ne, kuma gumin mai bincike ko numfashinsa ya isa ya gurɓata aikin. Duk da haka, a watan Mayu na 2010 ƙungiyar Pääbo ta Cibiyar Max Planck da ke Leipzig ta buga daftarin kundin Niyandatal a mujallar Science, daga ƙasusuwan mata uku na kogon Vindija a ƙasar Kuroshiya.

Hanyar da suka bi tana da sauƙin fahimta, kuma muna roƙon mahalarta su riƙe ta, don za mu komo gare ta. Sun kwatanta kundin da na mutum biyar masu rai: ɗan ƙabilar San ta kudancin Afirka, da Bayarabe, da Bafaranshe, da Basine, da mutumin Fafuwa Nugini. In da a ce ba a taɓa auratayya ba, to nisan Niyandatal da Bayarabe ya kamata ya zama daidai da nisansa da Bafaranshe, kamar yadda ɗan baffanka yake daidai da kai da ƙaninka a kusanci. Sai aka ga ba haka ba ne. Mutum ukun nan na wajen Afirka sun fi kama da Niyandatal da ɗan kaɗan, kuma ɗan kaɗan ɗin ya yi yawan da ba za a ce katari ba ne. Suka ƙiyasta cewa kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na kundin mutanen wajen Afirka daga Niyandatal ya fito. Ayyukan baya sun tsayar da adadin a wajen kashi 2.

Wani abin lura shi ne, Basine da mutumin Fafuwa suna da wannan gado kamar Bafaranshe, har ma mutanen gabashin Asiya sun ɗan ɗara Turawa, alhali ba a taɓa samun ƙashin Niyandatal a Fafuwa ba. Bayanin da ya fi dacewa shi ne an yi cuɗanyar ne tun da wuri, watakila a Gabas ta Tsakiya, kafin matafiyan su rarrabu gabas da yamma. Saboda wannan aiki da makamantansa aka ba Pääbo lambar Nobel a 2022.

5.0 Kogon Danisoba

Ba a gama mamakin wannan ba sai ga wani. A 2008 masu tono na Rasha sun sami ɗan ƙashin yatsa na wata yarinya, bai fi ƙwayar wake ba, a kogon Danisoba na duwatsun Altai. Da aka karanta kundinsa a 2010 sai aka ga ba na irinmu ba ne, ba kuma na Niyandatal ba ne. Na wani reshe ne da ba a san da shi ba, ɗan'uwan Niyandatal, wanda suka rabu da shi wajen shekara 400,000 da suka wuce. Su biyun kuma sun rabu da layinmu tun kafin nan, tsakanin shekara 550,000 da 765,000 bisa ga ƙiyasin 2014. Wannan ne karo na farko da aka gano wani irin mutum ta zaren gado kafin a san kamannin fuskarsa.

Inda gadon Danisoba ya fi yawa a yau shi ne Fafuwa Nugini da tsibiran da ke kewaye, da 'yan asalin Ostireliya, inda ya kai wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100, sa'an nan binciken 2021 ya nuna mutanen Ayta Magbukon na Filifin sun fi kowa. Tsakanin Altai da waɗannan tsibirai akwai dubban miloli, abin da ke nuna mutanen Danisoba sun bazu a Asiya ƙwarai. Ƙasusuwa sun zo sun gaskata haka. A 2019 an gane cewa wani muƙamuƙi da aka tsinta a kogon Baishiya na tudun Tibet, mita 3,280 sama da teku, nasu ne, kuma ya kai shekara 160,000. A 2025 kuma aka nuna cewa babban ƙoƙon kan nan na Harbin a ƙasar Sin shi ma nasu ne, daga nan aka san siffar fuskarsu.

Amma a ganinmu abin da ya fi kome ƙarfi shi ne wani ɗan tsinken ƙashi da aka ware daga cikin dubban gutsattsari a wannan kogo, aka bayyana sakamakonsa a 2018. Na wata budurwa ce mai shekara 13 ko fiye, da ta rayu wajen shekara 90,000 da suka wuce. Uwarta Niyandatal ce, ubanta ɗan Danisoba, shi ma uban yana da kakan Niyandatal can baya. A lokacin, mutanen da aka karanta kundinsu daga wannan zamani ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, amma ga ruwa-biyu ta farko a cikinsu. Wanda ya sa hannu a buhu ya ɗebo tafi ɗaya ya ga tsakuwa, ya san ba ita kaɗai ce a buhun ba.

6.0 Yaushe Aka Yi, kuma Me Aka Gada?

Ana sanin lokacin cuɗanya ta hanyar tsawon guntayen gado. A kowace haihuwa ƙunshin uwa da na uba sukan yi musayar sassa, saboda haka guntun da ya shigo daga baƙo yakan riƙa gutsurewa, kamar gandun da ake rabawa ga magada, 'ya'ya su raba, jikoki su sake rabawa, har ya koma 'yan kunya-kunya. Dogon guntu na nuna baƙon na kusa ne, gajere na nuna ya yi nisa. Wani mutum da aka sami muƙamuƙinsa a kogon Oase na Romaniya, mai wajen shekara 40,000, yana da gadon Niyandatal kashi 6 zuwa 9 cikin 100, da guntaye dogaye har aka lissafa cewa kakansa na huɗu zuwa na shida Niyandatal ne. Sai dai zuriyarsa ba ta bar wani abin kirki a jinin Turawan yau ba. Cuɗanyar da duk mutanen wajen Afirka suka gada kuwa, bincike biyu na 2024 sun sa ta wajen shekara 45,000 zuwa 50,000 da suka wuce.

Gadon kuma bai tafi hanya ɗaya ba. An gano cewa ƙunshin namiji na Niyandatal na baya-baya, da zarensu na uwa, sun fi kusa da namu fiye da na 'yan'uwansu na Danisoba. Ma'anar haka ita ce waɗansu mutane daga Afirka sun riga sun shiga cikinsu tun fiye da shekara 200,000 da suka wuce. Su ma ɗin ashe ruwa-biyu ne kafin su haɗu da kakannin Turawa da mutanen Asiya.

In aka tattara guntayen da ke warwatse a jikin mutane daban-daban, za a iya harhaɗa kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na kundin Niyandatal. Amma ba ko'ina suke ba. Akwai manyan filaye a kundinmu da babu su sam, musamman a ƙunshin da mace ke da biyu namiji ke da ɗaya, da wuraren da suka shafi haihuwar namiji. Wannan ya sa waɗansu masana suke ganin 'ya'ya maza na wannan haɗi sun sami raunin haihuwa. Manomi ya san doki da jaki suna haifar alfadari, alfadari kuwa ba ya haihuwa. Tsakaninmu da Niyandatal abin bai kai nan ba, tun da ga jikokin nan biliyoyi, amma da alama an fara kama hanyar. Akwai kuma wani bayani: al'ummar Niyandatal 'yar kaɗan ce, auren zumunci ya yi yawa a cikinta. Matar nan ta Altai da aka karanta kundinta a 2014, iyayenta kusancinsu ya kai na 'yan uba ko 'yan uwa ɗaya. Irin wannan yakan tara lahani, kuma da lahanin ya shigo cikin babbar al'umma sai a hankali ya zube.

Abin da ya tsaya, sau da yawa mai amfani ne ga baƙon da ya shigo sabuwar ƙasa: abubuwan da suka shafi fata da gashi da garkuwar jiki. Misalin da ya fi shahara na mutanen Tibet ne. Wanda ya hau tudu mai tsawon mita 4,000 jininsa yakan yi kauri saboda ƙarancin iska, abin da ke cutar da masu ciki musamman. Mutanen Tibet suna da wani nau'in gado da ke hana haka, kuma a 2014 aka nuna daga Danisoba ya fito. A ɗaya gefen, a 2020 Hugo Zeberg da Pääbo sun nuna cewa wani guntu a ƙunshi na 3, mai ƙara tsananin cutar korona, gadon Niyandatal ne. Wajen rabin mutanen kudancin Asiya suna ɗauke da shi, da kashi 16 cikin 100 na Turawa, a Afirka kuwa kusan babu.

7.0 Ina Matsayin Afirka ta Yamma?

Mu komo ga gwajin nan na 2010. Bayarabe da ɗan San su aka mai da ma'auni, watau aka ɗauka gadon Niyandatal a jikinsu sifiri ne, aka auna sauran da su. Tun daga ayyukan farko na tattara kundin gadon al'ummomi, Yarabawan Ibadan su ne aka fi sawa su wakilci Afirka, daga baya aka ƙara da mutanen Esan na jihar Edo, da Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya, da Luhya na Kenya. Nahiyar da ta fi kowace bambancin gado a duniya, ga 'yan tsirarun da suka tsaya mata. Duk wanda ya karanta cewa “Afirkawa” suna da kaza ko ba su da kaza, ya kamata ya tambaya su wane ne aka auna.

A 2020 ƙungiyar Joshua Akey ta Jami'ar Princeton ta fito da wata hanya da ba ta bukatar wannan ma'auni, sai ta ga Afirkawan ma suna da gadon Niyandatal wajen kashi 0.3 cikin 100. Mafi yawansa ya shigo ne ta hanyar mutanen da suka komo Afirka daga Turai da yammacin Asiya. Wannan komowa ta shafe mu kai tsaye. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa sun nuna cewa wani layin uba, mai dangi a Turai da Asiya, ya yi yawa a tsakanin masu magana da harsunan dangin Chadi, dangin da Hausa ke ciki, musamman a arewacin Kamaru. A 2025 kuma an karanta kundin mata biyu makiyaya na Takarkori a kudu maso yammacin Libiya, masu wajen shekara 7,000, tun Sahara tana da ciyawa da tafkuna, aka sami ɗan gadon Niyandatal a jikinsu, ƙasa ƙwarai da na mutanen wajen Afirka.

A nan tilas mu ja hankalin 'yan'uwa malamai. Mun san irin ɓarnar da ra'ayin Hamawa ya yi wa tarihinmu, ra'ayin da C. G. Seligman ya yaɗa a littafinsa na 1930, cewa duk wani ci gaba a Afirka baƙi farare ne suka kawo shi. Mun kuma san wahalar da su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka sha kafin su nuna cewa kafuwar daulolin ƙasar Hausa daga cikin gida ta taso, daga noma da sana'a da kasuwa da birni. Layin uba, kamar layin uwa, zare ɗaya ne cikin dubbai. Ba ya gaya mana wa ya gina ganuwa, ko wa ya fara ƙira. Wanda ya ɗauki layin Cruciani ya ce ga hujjar zuwan Bayajida, ya haɗa abin da dubban shekaru suka raba. Haka nan wanda ya juya maganar ya ce Afirkawa ne tsantsar mutane tun da gadon Niyandatal ya yi kaɗan a jikinsu, ya ɗauki sandar da aka doke shi da ita ne kawai ya juya ta.

Balle ma maganar tsantsa ba ta tsaya ba ko a nan gida. A 2020 Arun Durvasula da Sriram Sankararaman sun duba kundin mutum 405 na Yarabawa da Esan da Mende da Gambiya, suka ce kashi 2 zuwa 19 cikin 100 na gadonsu ya fito ne daga wata tsohuwar al'umma da ta rabu da layinmu tsakanin shekara 360,000 da miliyan ɗaya da suka wuce. Sun kira ta al'ummar fatalwa, don babu ƙashinta a hannu, lissafi ne kaɗai ya nuna ta. Ƙasusuwan nahiyar ba su hana a yarda ba. Mutanen Jebel Irhoud na Maroko, waɗanda ake ɗauka na farkon irinmu, sun kai wajen shekara 300,000, kuma a daidai wannan zamani mutumin Kabwe na Zambiya da mutanen Naledi na Afirka ta Kudu suna raye, kowanne da siffarsa dabam. A nan Nijeriya kuma akwai ƙoƙon kan da Thurstan Shaw ya tono a 1965 a Iwo Eleru kusa da Akure. Binciken 2011 ya ba shi wajen shekara 13,000 kacal, amma ginin ƙoƙon, dogo kuma kwance, ya fi kama da na mutanen da suka girme shi da shekara dubu ɗari.

Duk da haka, mu a ganinmu wannan hujja ba ta kai ta Niyandatal ƙarfi ba, kuma bai kamata a koyar da su a aji da murya ɗaya ba. Tazarar da ke tsakanin 2 da 19 ita kanta ta isa ta sa mutum ya yi hattara. A can, ga kundin tsohon mutum a hannu, ga na mai rai, an ɗora su an ga inda suka dace. A nan kuwa an zana tsarin lissafi ne aka ga wanda ya fi dacewa da bayanan, kuma wani tsarin na iya dacewa haka nan. A 2023 Aaron Ragsdale da abokan aikinsa, da suka haɗa da kundin mutanen Nama na Afirka ta Kudu, sun nuna cewa ana iya bayyana alamomin ba tare da fatalwa ba. A nasu tsarin, tushen ɗan Adam al'ummomi ne biyu ko fiye da suka zauna a sassan Afirka daban-daban dubban ɗaruruwan shekaru, suna rabuwa suna sake haɗuwa, ba tare da sun yi nisan da za a kira ɗaya baƙuwar ɗaya ba. In haka ne, kamannin asalinmu ya fi kusa da kogin da ke rarrabuwa a fadama yana sake gamuwa, fiye da itacen da rassansa ba sa komawa juna. Ko wanne aka ɗauka cikin biyun, tsohon ra'ayin nan na cewa mun fito daga wata 'yar al'umma guda a wuri guda ya raunana.

Abin da zai raba gardamar shi ne tsohon zaren gado daga ƙasar Afirka kanta, zafi da laima kuwa su ne manyan abokan gābansa. Kogon Altai mai tsananin sanyi ne, shi ya sa ɗan yatsa ya ajiye labarinsa dubban shekaru. A Afirka sai a 2015 aka sami cikakken kundi na farko, na wani mutum daga kogon Mota a Habasha, mai shekara 4,500, kuma an same shi ne daga wani ƙashi mai tauri da ke cikin kunne, wanda ya fi kowane ƙashi riƙe zaren. A maƙwabtanmu, a 2020 an karanta kundin yara huɗu daga Shum Laka kusa da Bamenda a Kamaru, biyu masu wajen shekara 8,000, biyu masu wajen 3,000. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da layin uba mafi tsufa da aka sani a duniya, wanda har yau ake samu a tsakanin mutanen Mbo na ƙasar. Masana harshe sun daɗe suna ɗaukar wannan yanki a matsayin inda harsunan Bantu suka taso, saboda haka aka zaci za a ga kakannin masu magana da su. Sai aka tarar yaran huɗu, duk da shekara 5,000 da ke tsakaninsu, sun fi kusa da mafarautan dajin tsakiyar Afirka fiye da manoman da ke zaune a wurin yanzu.